Balbela Ta Ɗauki Farin Murfi

Malamin aji uku mutum ne da ba ya ƙetare layi. Kafin ƙararrawa ta kaɗa yana tsaye a ƙofar aji da alli a hannu. In an ce a yi maki da jan biro, to ko jan biron duniya ya ƙare ba zai taɓa baƙi ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa Malam Ƙa'ida, sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Ba mugu ba ne. Sai dai akwai mutumin da in ka ba shi igiya ya riƙe maka, ko akuyar za ta shaƙe ba zai sassauta ba, don ba a ce masa ya sassauta ba.

A gidansa akwai 'yar yayansa marigayi, yarinya siririya mai dogayen ƙafafu, ana ce mata Balbela. Uwarta tela ce, tana da ɗan shago a can ƙarshen gari. Bayan rasuwar, ita da kanta ta riƙo hannun yarinyar ta kawo ta, ta ajiye jakarta a tsakar ɗaki, ta ce, "Ƙanena, ga amanar yayanka. Ni allura da zare na sani. Kai ne mai alli."

Balbela ba daƙiƙiya ba ce. In ka faɗa mata magana sau ɗaya, gobe za ta mayar maka da ita har da inda ka yi tari. Amma karatu ya ƙi ta. In malami ya karanta shafi a aji, sai ta haddace shi tsaf, a miƙa mata littafi ta rera shi kamar ruwa, alhali yatsanta yana kan wani layi daban. In aka buɗe mata shafin da ba ta taɓa ji ba, sai ta yi tsuru tana kallon bakin mutum. Baffanta ya yi iya yinsa irin yadda aka yi masa shi ma: faɗi bayana, sake faɗi, sake faɗi. Tana faɗi, tana ƙara hadda. Da haka ta maimaita aji uku, ta sake faɗowa hannunsa.

Da shekara ta kama, uwar ta zo. Ta zauna a bakin kujera, ba ta ko sauke jakarta daga cinya ba.

"Ƙanena, ba faɗa na zo yi ba. Yarinyar nan ta fi kowa tsawo a ajin, ƙannen ƙannenta sun wuce ta. Bana ne ƙarshe. In ta haye, Allah ya yi albarka. In ba ta haye ba, zan ɗauke abata ta zo ta koyi abin da zai ciyar da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Yaya, za ta haye," in ji shi.

"Bara ma haka ka ce."

"Bana daban ce. Na koma makaranta."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi 'yar dariya. "Da wannan furfurar? To Allah ya sa kai ma kada ka maimaita."

Gaskiya ya faɗa. A shekarar ya samu gurbi a jami'a, wani karatun digiri na biyu da aka ware wa malaman makaranta a kan matsalolin ilimi a duniya. Ranakun aiki yana ajinsa, ƙarshen mako ya hau mota ya je shi ma ya zauna a benci. Shi ne babba a ajin. Sauran matasa ne masu kwamfuta a cinya, suna magana da sauri, suna dariyar abin da shi bai ji ba. Yakan zauna a gaba ya rubuta duk abin da ya fito daga bakin malami. Bai taɓa ɗaga hannu ba. Tsoronsa kada ya yi tambayar da za ta nuna furfurarsa ta girmi saninsa.

Karatun ya shige shi ƙwarai. Ya dawo gida ana cin abinci, shi yana labari. Akwai ƙasar da yaƙi ya kori mutane, yara suna karatu a cikin tanti. Akwai inda ruwa ke cinye gari duk shekara, makaranta a cikin jirgi take. Akwai inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa duka. Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne da aka ce miliyoyin yara a duniya suna shiga aji kullum, shekara da shekaru, su fita ba su iya karanta layi ɗaya ba.

"Miliyoyi fa," ya ce wa matarsa, yana kaɗa cokali. "Suna zaune a benci, malami yana gabansu, amma babu."

"Allah ya kyauta," in ji ta. "Ga ɗaya daga cikinsu can tana wanke maka kofi."

Bai ji haushi ba, domin a karon farko ya gane ciwon Balbela yana da magani. A jami'ar an nuna musu wata hanya. Ba a ba yaro shafi ya hadiye. Ana ba shi harafi ɗaya a kan kati, ya ji sautinsa, ya tafa, a kawo wani harafin a jingina masa, ya haɗa su da bakinsa, har kalma ta fito da kanta. Abu ne mai sauƙi kamar ɗaura zare a allura, in an nuna maka.

Sai dai digirin ba ya samuwa sai da bincike. Malamar da ke kula da nasa, wadda kowa ke kira Dakta, mace ce mai tabarau da saurin tafiya, kullum da takardu a hammata. Ita ta tsara masa aikin. Zai raba ajinsa gida biyu da ƙuri'a. Rabi zai riƙa tsayawa da su bayan an tashi yana koya musu da sabuwar hanya. Ɗaya rabin a bar su yadda suke. A ƙarshen shekara za a turo mutum daga jami'a ya gwada su duka, a ga ko hanyar tana da amfani a aji irin nasa. Bayan nan sai a koya wa sauran.

A lacca Dakta ta buga tebur a kan magana ɗaya. Ta ce rukunin da aka bari shi ne ma'auni. In ma'auni ya ɗanɗana abin da ake aunawa, sakamakon ya zama ƙarya, kuma ƙarya a bincike ba ta tsayawa a aji ɗaya, tana iya bin takarda ta cuci yaran da ba ka taɓa gani ba. Malam Ƙa'ida ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi.

Ranar ƙuri'a ya zo da murafen kwalba, rabi ja rabi fari, ya zuba su a hularsa. Ja na masu sabuwar hanya ne, fari na waɗanda za a bari. Yara suka yi layi, kowa ya kawar da kai ya sa hannu. Suna ta murna, sun ɗauka wasa ne. Da aka zo kan Balbela, ta zura dogon hannunta ta juya murafen, ta fito da ɗaya, ta buɗe tafinta. Fari ne.

Ta ɗaga masa tana murmushi. "Malam, fari na samu. Mu ne muka ci?"

Ya daɗe yana kallon murfin. Babu wanda zai sani in ya ce ta sake. Yara ba su san me ake rabawa ba, Dakta tana can wani gari. Ya ce, "Koma can gefe. Na gaba."

Daga ranar ajin ya rabu, 'yan ja da 'yan fari. In an tashi, 'yan fari su kwashi jakunkuna su watse, 'yan ja su zauna. Balbela kuwa ba ta da inda za ta, domin tare suke komawa gida a kan babur ɗinsa. Sai ta zauna a dakalin bayan aji, a ƙarƙashin taga, tana jira.

Ta tagar take jin komai. Tafi, da sauti, da tafi. Tana jin lokacin da yaro ya haɗa haruffa biyu kalma ta faɗo masa a baki, ajin ya kwashe da shewa. Ba a daɗe ba ta fara miƙewa a kan yatsun ƙafa tana leƙe. Tsawonta ya yi mata rana, haɓarta tana kaiwa bakin tagar daidai.

Wata rana ya juyo daga allo suka haɗa ido. Ya ajiye katin ya fito.

"Me kike yi a nan?"

"Jiranka nake, Baffa."

"Jira ba ya bukatar ido. Daga yau ki riƙa zama can bakin ƙofa wurin maigadi."

"Ba na surutu fa."

"Na sani. Tafi dai."

Ta tafi. Ya koma ciki ya ja tagar ya rufe, duk da zafin da ake yi.

Hanyar kuwa ta yi aiki, har ta ba shi tsoro. Yaran da ya sha fama da su suka fara karanta abin da ke jikin kwalin alli, da sunan da ke jikin motar ruwa, da allunan shaguna. Ƙawar Balbela, wadda suke benci ɗaya, 'yar ja ce. Da safe sai ta riƙa karanta mata rubutun da ke bango a hankali, harafi bayan harafi, tana juyowa tana cewa, "Kin ga? Ba wuya." Da Malam ya lura, sai ya raba musu benci.

Wata Asabar bai je jami'a ba, yana ɗaki yana yanka sababbin katuna, sai ya ji tafi daga bayan gida, inda ake shanya. Ya leƙa. Balbela ce tsugune, ta zana wani abu a ƙasa da tsinke, tana tafawa a hankali tana fitar da sauti. Abin da ta tsinta ta taga ne kafin a kore ta. Harafi biyu ta kama daidai, na ukun ta juya shi baya.

Kowane malami ya ga wannan zai tsuguna ya gyara mata na ukun. Hannunsa ma ya motsa. Amma ya tsaya a tsaye ya ce, "Wa ya koya miki?"

Ta miƙe da sauri. "Ba kowa."

"Share."

Ta sa tafin ƙafa ta share.

"Ki yi haƙuri," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ba yanzu ba. Lokacinki yana zuwa. Kafin nan kada in sake ji."

Matarsa tana tsaye da bokitin wanki, ta ga komai. Ta bari yarinyar ta shige, sannan ta dire bokitin.

"Malam Ƙa'ida, me na gani yanzu?"

"Ba za ki gane ba."

"To fahimtar da ni, tunda ni ban je jami'a ba. Yarinya tana neman karatu a ƙasa kamar kaza na neman tsaba, kai malami ka sa ta share?"

Ya yi mata bayani, tun daga ƙuri'a har ma'auni. Ya ce in Balbela ta koya, rukunin fari zai tashi sama, a ga kamar hanyar ba ta da wani amfani. Ya ce takardar nan za ta iya kaiwa inda ake yanke shawara, a ɗauki hanyar a kai wa dubban makarantu. Ya ce shi aka ba amana, kuma ba zai fara ha'inci da 'yar gidansa ba.

"Amana," in ji ta. "Wace ce ta riga shigowa gidan nan, amanar Dakta ko ta yayanka?"

"Kada ki kawo marigayi cikin maganar nan."

"Shi ya kawo kansa, ga 'yarsa nan. To ji, ba ni katunan. Kai kada ka taɓa. Ni zan zauna da ita, hannunka a wanke."

"Ko ke kika koya mata, an gurɓata."

"An gurɓata. Sai ka ce ruwan randa." Ta ɗauki riga ta matse ta da ƙarfi. "To ka tambayi Daktar taka mana. Ka ce mata ga halin da ake ciki. Baki gare ta, kunne gare ta."

"In je in ce mata me? A yi wa 'yata alfarma? Yaran nan na ajinmu dama kallon tsohon malamin firamare suke mini. So kike a ce tun ba a je ko'ina ba na fara neman ƙofar baya?"

"Kai dai inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Kullum kana kukan yaran tanti da yaran jirgi. Ta gidanka kuwa ka rufe mata taga."

"Na riga na tsara. Za a zo gwaji da sauran lokaci kafin jarrabawa. Ana gamawa zan zauna da ita safe da yamma. Yarinyar tana da kai, za ta kama."

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji matar, ta juya masa baya ta ci gaba da shanya.

Ranar ya sa katunan a akwati ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Daga nan Balbela ta daina tafi. Ta daina tambaya. Tana share gida, tana wanke kwanuka, tana hawa bayan babur ta riƙe ƙarfen maimakon rigarsa. A aji in ya ce a buɗe littafi sai ta buɗe, ta rera abin da ta haddace, ta rufe. Maigadi ya ce masa wata rana, "Malam, 'yar nan taka ko magana ba ta yi. Sai ta zauna ta juya wa makaranta baya tana ƙirga motoci." Ya ce, "Haka take." Shiru ma magana ce, amma sai ga mai son ji.

Shi ma ba daɗi yake ji ba. Ya rame. In ya ga yaro ɗan ja ya karanta jimla, sai Balbela ta faɗo masa a rai, farin cikin ya gushe. Sau da yawa in an tashi daga lacca yakan bi bayan Dakta har bakin matakala, magana tana bakinsa. Sai wani matashi ya sha gabansa da kwamfuta a buɗe, su kama wata magana mai manyan kalmomi, shi kuwa ya gaishe ta ya juya.

Sannan lissafinsa ya karye. Mutumin da jami'a za ta turo bai zo ranar da aka sa ba. Aka ce yana wata makaranta. Aka sake sa rana, aka ce ba shi da lafiya. Malam yana kallon kwanakin da ya tanadar wa Balbela suna zubewa kamar ruwa a kwando, kuma bai buɗe akwatin ba, domin ba a yi gwaji ba. Da mutumin ya zo, jarrabawar ƙarshen shekara tana bakin ƙofa.

Aka gwada yara ɗaya bayan ɗaya a ofishin Hedimasta. 'Yan ja suka fito suna tsalle. Balbela ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito.

Da yammar ranar ya buɗe akwatin, ya shimfiɗa tabarma, ya kira ta. Ya jera katunan a gabanta. Ta dube su, ba ta taɓa ba.

"Baffa, ai ka ce ba nawa ba ne."

"An gama. Yanzu naki ne."

"To."

Ya ɗaga harafi ya yi sautin. Ta maimaita. Ya ce ta tafa, ta tafa sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron tada barci. Idonta ba ya kan katin, yana kan bakinsa, tana jiran abin da zai faɗa ta mayar masa. Ya ce, "Kalli katin." Ta kalla, ta sake ɗago ido. Ƙishin da ya gani a bayan gida ran nan babu shi. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya sake lallashi. A 'yan kwanakin da suka rage ta kai ga haɗa haruffa biyu, wani lokaci uku. Da an fara tun farkon shekara, da wani labari ake yi.

Ranar jarrabawa aka raba takardu. Hedimasta ne ya tsara tambayoyin, kuma doka ce ba a karanta wa kowa. Malam yana zagayawa tsakanin bencuna, ya ga Balbela ta duƙufa tana rubutu, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Da ya matso sai ya ga abin da take yi. Tambayoyin take kwafewa a wurin amsa, harafi bayan harafi, da rubutu mai kyau kamar zane, ba ta san me suke cewa ba.

Balbela ta faɗi. Da wani malamin ne, da ya je ya raɗa wa Hedimasta magana, a tura ta aji na gaba a rufe maganar. Shi bai je ba. A nan kam ban ga laifinsa ba, domin tura makaho gaba ba ya buɗe masa ido.

Uwar ta zo ranar da aka ba da hutu. Ba ta zauna ba. Matar Malam ta riga ta haɗa kayan yarinyar tana share hawaye da gefen mayafi. Malam ya fara magana, uwar ta ɗaga hannu.

"Mun yi magana tun farkon shekara, ƙanena. Ban zo da sabuwa ba. Na gode da ci da sha."

Balbela ta durƙusa ta yi masa sallama, ta yi wa matarsa, ta ɗauki jakarta ta bi uwarta.

Bayan hutu ya kai wa Dakta aikinsa. Ofishinta ƙarami ne, littattafai har ƙasa, fanka tana juyawa tana ɗaga gefen takardu. Ta daɗe tana dubawa, tana gyaɗa kai.

"Malam, wannan aiki ne mai tsabta. Ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe rukuninsa haka ba. Yawanci sai ka ga abu ya tsallaka, yara sun koya wa juna. Kai naka ko ɗigo. Ta yaya ka yi?"

Yabon ne ya kwance masa baki. Ya ce bai zo da sauƙi ba. Ya ce har 'yar gidansa tana cikin 'yan fari, kuma bai bari ta ga kati ko ɗaya ba sai da aka gama.

Dakta ta ɗago. Ta cire tabarau.

"'Yar gidanka? Wadda kuke kwana gida ɗaya?"

"'Yar yayana ce. Ni nake riƙon ta."

"Ai ba a sa irin wannan a ƙuri'a tun farko. Ɗan mai bincike, ko wanda ke hannunsa, cire shi ake yi gefe. Da ka cire ta, ka koya mata abinka a gida yadda kake so, babu abin da zai taɓa aikin." Ta dube shi. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ta ajiye tabaraun a kan tebur, ta ƙara tambaya.

"Yanzu tana ina? Ta haye?"

"Uwarta ta ɗauke ta."

Dakta ta mayar da tabaraunta a hankali, ta ce, "Ban ji daɗi ba. Laifina ne da ban bi sunayen da kai ba." Ta juya takardar, ta ɗauki biro. "Ko yanzu ma dole a fitar da ita daga lissafin. Nuna mini wacce ce."

Ya nuna mata. Ta ja layi ɗaya a kai. Sakamakon bai motsa ba ko kaɗan.

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Dokar da ya tsare da ransa, masu ita ma ba su ɗaure ta haka ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma matambayi ba ya ɓata, amma wannan karatu ne da ba a ba da digirinsa.

Daga tashar mota bai je gida ba, shagon ya nufa. Ɗaki ne ɗaya mai kekunan ɗinki biyu, ƙyalle a ko'ina, zare a ƙasa, dutsen guga a kan tebur. Uwar tana kan keke. Balbela tana tsaye a gefenta, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙarfen, tana kallon yadda ake juya wuyan riga a ƙarƙashin allura. Da ta gan shi ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa kujera, ta koma inda take.

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai ɓoye komai ba, har maganar Dakta. Ya ce a ba shi ita shekara ɗaya, ko zango ɗaya. In ma ba za ta koma makaranta ba, a bar shi ya riƙa zuwa nan da yamma da katunansa.

Uwar ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta yanke zare da haƙori.

"Matarka ta gaya mini komai tun ranar da na je ɗaukar yarinyar. Ka san me ya fi ci mini rai? Da ba ka iya ba ne, wallahi da na yafe, in ce Allah bai nufa ba. Ka iya. Kana ba 'ya'yan mutane, tana waje."

"Na yi kuskure, Yaya."

"Garin gyaran gira ka rasa ido. To ni ba zan hana ba, kada gobe a ce uwarta ce ta tsaya mata a hanya. Ga ta nan. Ba jaririya ba ce. Tambaye ta."

Ya juya wurin yarinyar. Bai san da wace murya zai yi magana ba, ta aji ko ta gida.

"Balbela, za ki dawo? Wannan karon ke kaɗai zan zauna da ke. Kafin shekara ta raba za ki karanta duk abin da kika ga dama."

Ta daɗe tana murza wani guntun ƙyalle a yatsunta. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Baffa, a bar ni a nan."

"Saboda me?"

"A nan in na tsaya kallo ba a kora ta."

Uwar ta ɗauko wata rigar ta shimfiɗa a ƙarƙashin allura, ta ɗan matsa gefe a kan bencin.

"Zo ki zauna," ta ce wa 'yarta. "Wannan ke za ki yi. Sa ƙafarki a nan. A hankali."

Balbela ta zauna, ta ɗora dogayen ƙafafunta a kan matakin keken. Malam ya miƙe ya mayar da kujerar inda aka ɗauko ta, ya yi musu sallama. Uwar ce kaɗai ta amsa, yarinyar idonta yana kan allura.